Kafin Katafila Ta Shiga Gonarka

Alibandeng, Libreville.

Zuwa ga autana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya kai ka garin Kango lafiya, ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a masauki, ya raba ka da sharrin mutum da na ƙwaro da na abin da ke ja da ciki, amin.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, ƙofarka na kallon tawa, amma ga ni na zauna ina rubuta maka takarda. Tunda aka sa ranar tafiyarka gidan nan bai rabu da masu zuwa sallama ba, ni kuwa ka san halina, in na fara dogon zance da baki sai ya koma faɗa ko ya koma hawaye. Na kuma san Faransanci ya fi maka saurin karantawa, amma ni da Hausa nake tunani. Ka daure ka bi ta a hankali.

Shekaranjiya kuna zaune a baranda da babanku da baƙinsa, ina kicin, na ji kana cewa abin da za ka fara yi in ka isa shi ne ka ɗauko katafila ta share filin gonarka ta baje shi sumul. Sai da na ajiye ludayi. Ban tanka ba saboda akwai mutane. Kai ka yi karatun noma, ka san sunayen abubuwan da ke cikin ƙasa waɗanda ni ko furta su ba zan iya ba, kuma Allah ya sani ina jin daɗin haka. Ni abin da na tara shi ne kurakurai, na tafka su da hannuna a bayan gidan nan da ka tashi a ciki. Tunda na riga na sha wuyarsu, ban ga dalilin da kai ma za ka sake sha ba.

Lokacin da babanku ya kawo ni garin nan, a Glass muka fara zama, ɗaki ɗaya a bayan wani shago, tsakar gidan duk siminti. Kewar gida na sha ta, amma kewar miya ta fi cin raina. Kifi ga shi nan, ayaba da rogo har suka gundure ni. Yakuwa da alayyafo ana samu a kasuwa, amma rama da lalo da zogale da tattasai irin namu sai in wani ya zo daga gida ya tuna da ke. Na yanka jarkoki na cika da ƙasa na jera a bakin taga, abin da suke ba ni bai wuce na miya ɗaya ba. Saboda haka ranar da babanku ya ce ya samu fili a Alibandeng, kuma bayan gidan zai rage da sarari, ban tambaye shi yawan ɗakuna ba. Cewa na yi, "Bayan gidan nawa ne." Ya yi dariya ya ce, "Na ba ki, har da sauron da ke ciki."

A lokacin rabin unguwar nan daji ce. Filin ya ɗan gangara ta baya zuwa wani ƙaramin magudanar ruwa. Da magina suka haƙa harsashi da ramin masai, sai ga tulin jar ƙasa, mai kyau, ba ciyawa, ba saiwa, ba ko ɗan datti. Ni kuma 'yar manomi ce. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, lambu yake yi a ƙasar Kura, tun ina ƙarama nake kai masa abinci, ina ganin na san ƙasa. Na dubi bayan gidan, ga shi baƙi-baƙi, cike da ruɓaɓɓen ganye da ƙananan saiwoyi, ga kuma gangara. Sai na ce da maginan su kwashi jar ƙasar nan su baje min ita a kai, wurin ya daidaita. Suka yi, na ba su shinkafa da miya, na koma gefe ina kallon filina ja wur, shimfiɗe kamar tabarma. Daɗi ya cika ni.

Na shuka rama da alayyafo da kuɓewa. Suka tsiro, suka kai tsawon ɗan yatsa, suka tsaya nan. Ganyen ya yi rawaya. In an yi ruwa ƙasar ta zama santsi tana kama ƙafa, in rana ta fito ta daskare kamar daɓe. Na ce irin ne ya tsufa, na aika gida aka kawo wani. Shi ma haka. Na sayo takin zamani na barbaɗa, ruwa ya wanke shi.

Odette, maƙwabciyarmu da kuka taso kuna kira Kaka Odette, lokacin ba mu saba ba. Gaisuwa ce kawai ta kan shinge, ta ce min "Mbolo," in amsa. Faransancina a lokacin bai wuce na cinikin kifi ba. Wata safiya ina tsugune ina duban kuɓewata da ta ƙi gaba ta ƙi baya, sai ta leƙo ta ce, "Madam, me kika binne a nan?"

Na ce ban binne komai ba.

Ta zagayo da addarta ta shigo. Ta sari ƙasa, ta ƙara sara, ta zura hannu har gwiwar hannu, ta ɗebo wata baƙar ƙasa mai laushi ta miƙo min. Ta ce, "Ga shi. Abincinsu ne kika binne, kika ɗora musu kwano babu komai." Sannan ta ja ni can jikin shinge inda baron magina bai kai ba. Irin ramar da ya zube min a wurin ba da niyya ba ya kai min ƙugu, kore shar. Kullum ina wuce shi, ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Ranar na fahimci ƙasar nan ba irin ta gida ba ce. Duk wannan dajin da kake gani, itatuwa har sama, abin da ke ciyar da shi ɗan siririn abu ne a sama, wani wurin bai fi faɗin tafin hannu ba. Ganye ya faɗo ya ruɓe, saiwa ta tsotse, wani ganyen ya sake faɗowa. In ka wuce wannan baƙin, sai ja ko rawaya, kuma babu abin kirki a ciki da ɗan tsiro zai ci. Da shebur da baro na kwashe jar ƙasar nan da kaina, babanku yana kama min in ya dawo daga butik, wato shagonsa. Abin da magina suka baje kafin azahar, sai da ya ci mana watanni.

To Nasiru, abin da baro ya yi min shi katafila za ta yi maka, sai dai ita a wuni ɗaya za ta gama da filinka gaba ɗaya. Bakinta ba ya tantance baƙa da ja. Za ta kankare ta saman ta tura ta cikin kwari tare da kututture, ta bar maka fili mai kyan gani wanda zai ba ka kunya. In ya zama dole sai da ita saboda manyan kututture, to ka tsaya a wurin da ƙafarka, kada ka aika wani. A fara tattara baƙar a gefe guda, in an gama a mayar da ita. Kuma kada ta shiga ƙasa tana jiƙe, don nauyinta zai danne ta ciki har ruwa ya kasa ratsawa. Ko ramin shuka za ka haƙa, ka zuba ta sama a hannun dama, ta ƙasa a hannun hagu, kada ka bari su haɗu.

Kuskurena na biyu tsabta ce ta jawo min shi. Ka san yadda aka rene mu, mace ba ta barin ganye ya kwana a tsakar gidanta. Da na samu baƙar ƙasata ta dawo, sai na riƙa share lambun kamar ɗaki. Kowace safiya in tattara ganyen mangwaron maƙwabta da ya faɗo, da ciyawar da na nome, in cinna musu wuta. Ƙasa ta fito fes, ba ko tsinke. Na ja kunyoyi, na miƙar da su daga sama zuwa gangare, wai don ruwa ya samu hanya kada ya kwanta. Ina leƙa lambun Odette in ga ganyen ayaba da ɓawon rogo a zube ko'ina, in ce a raina, matar nan tana da kirki amma ƙazanta ta yi mata yawa.

Sai ruwan Nuwamba ya zo. Kai a nan aka haife ka, ba sai na kwatanta maka ba, amma ni a lokacin ban gama sanin ruwan garin nan ba. A gida damina 'yan watanni ce, ta zo ta wuce. Nan kuwa sama buɗewa take yi. Ina tsaye a bakin ƙofar kicin ina kallo, kowace kunya ta zama kwata, ruwa na gudu a tsakaninsu baƙi ƙirin. Da aka ɗauke na fita, sai na tarar da saiwoyin alayyafo a waje kamar an tsefe gashi, ƙarƙashinsu ja. Duk wahalar da na sha ta bi magudana.

Babanku ya fito yana gyara hula, ya duba, ya ce, "Binta, ashe gonarki ta yi ƙaura zuwa teku ba ta yi mana sallama ba."

Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Da ya ga abin ba na wasa ba ne sai ya tuɓe babbar riga, ya je ya kwaso tsofaffin buhunan butik, muka cika su da ƙasa muka tare bakin gangaren.

Daga nan na sauke girman kai na koma ɗaliba a wurin Odette. Na juya kunyoyina suka gitta gangaren. Na daina ƙona ganye. Duk abin da zai ruɓe na riƙa shimfiɗa shi a kan ƙasa: ganyen ayaba, ɓawon rogo, ɓawon gyaɗa, tokar murhu, kashin kaji in na samu. Har kasuwar Lalala nake zuwa in bi masu kayan miya da masu ayaba in ce su tara min shararsu. Matanmu na can suka yi ta yi min tsiya, wai matar Alhaji guda ta koma kwasar bola. Wani mai taksi ma ya taɓa sauke ni a hanya, ya ce buhuna ya cika masa mota da wari, sai da na tsaya a rana na jira wani. Ban damu ba, don na fara ganin tana a cikin ƙasata, in na ɗaga ganye in tarar da ƙarƙashinsa da sanyi da laushi. A hankali baƙar ta dawo. Amma ka lura da wannan, Auta: ruwan yamma ɗaya ne ya tafi da ita, dawowarta kuwa sai da na yi goyo na yaye.

Saboda haka kada ka bar ƙasarka tsirara ko na mako guda a lokacin ruwa. In ka sare daji, ka bar ganyen ya kwanta a inda ya faɗi. Wuta tana ba da toka, shukar farko ta yi kyau har ka yi murna, ta biyu ta ragu, daga nan sai ka nemi wani filin. In wuri ya gangara, ka bar layin ciyawa ko ayaba a tsakani ya riƙa tare abin da ruwa ya ɗauko. Kuma kada ka sare itatuwan bakin rafi, ko da sun tsone maka ido.

Na uku gaggawa ce. Lokacin lambun ya fara suna, matan Lalala masu sayar da abinci sun saba da alayyafona da latas da tattasai. Azumi ya matso, kowa na cewa in tanadar mata. Na so in faɗaɗa wurin, amma baƙar ƙasata ba za ta kai ba, ni kuma ba na son jira. Sai ga wani mai tifa yana yawo a unguwa yana tallar ƙasar lambu. Na hau taya na leƙa. Ban taɓa ganin ƙasa mai baƙi irin wannan ba.

Ya ce, "Madam, wannan ko sanda kika soka sai ta yi ganye."

Na ji wani ɗan wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, na kuma ga 'yan ɓawon ƙaguwa a ciki. Na tambaye shi, ya ce ai ƙarfin taki ne. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma idona ya riga ya ga baƙi. Odette kuwa ta tafi ƙauyensu jana'iza, ban jira ta dawo ba. Na ce ya juye.

Ashe laka ce ya kwaso daga bakin ruwa, inda itatuwan nan masu dogayen saiwoyi suke tsaye cikin ruwan gishiri. Na baje ta, na dasa duk renon tattasai da latas da na yi wata da watanni ina lallaɓawa. Kafin mako ya zagayo sun ƙone tsaye kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Da lakar ta bushe sai ta tsattsage, wani abu rawaya-rawaya ya fito mata a sama. Azumin nan da ƙafata na bi matan ɗaya bayan ɗaya ina ba su haƙuri. Wata Hajiya 'yar Maraɗi mai tuwo ta kama hannuna ta ce, "Ba komi, ɗiyata, wanda ya ba ki bara shi za ya ba ki baɗi." Amma wasu sun koma wurin wasu masu lambun, ba su ƙara dawowa ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Don haka kada launi ya ruɗe ka. Ƙasar kirki ƙamshi take yi irin na farkon ruwa. In ka dunƙula ta a hannu ta kama, in ka taɓa ta da yatsa ta warware. Za ka ga ƙananan saiwoyi da tana da 'yan ƙwari a ciki. Duk ƙasar da ba ka san inda aka haƙo ta ba, ka gwada ta a tukunya ɗaya tukuna. Kuma in ranka ya ce maka tsaya, ka tsaya, ko da wa ke jiranka.

Na huɗun shi ne wanda ya fi tsaya min, kuma kai ma ka san wani ɓangare nasa. Bayan duk wannan sai na zama ba na ganin komai sai ƙasar sama. Jar ƙasa kuwa na ɗauke ta abokiyar gaba. In na ga wuri baƙi mai laushi, to magana ta ƙare. Ranar sunanka babanku ya zo da dashen fiya, wadda a nan kuke ce wa aboka, ya ce in zaɓi wuri a dasa maka. Na kai shi can ƙasan lambu kusa da magudana, inda duk abin da ruwa ya ɗauko yake taruwa, baƙar ƙasar wurin ta fi ta ko'ina kauri. Ya ce, "Ba ki ganin wurin nan da damshi?" Na ce masa shi ya san awon shinkafa, ni na san ƙasa. Ya ce to, ya haƙa ɗan rami ya dasa.

Ta tashi da kyau kuwa. Tare kuka girma. Kana fara magana ka ce "itacena," in yayyenka sun taɓa ta ka yi ta ihu. Shekarar da ka shiga makaranta ta yi furen farko, kullum ka dawo da jakarka a baya sai ka je ka ɗaga kai ka duba ko ta ɗaura 'ya'ya. Sai ganyen ya fara yanƙwanewa daga sama. Na ƙara taki. Na ƙara ruwa, ka ji wauta. Rassan suka bi juna suna bushewa, kafin ruwa ya ɗauke ta mutu tsaye. Ka ƙi cin abinci, ka zauna a gindinta kana cewa a kira likita.

Da muka zo cire kututturen ne na ga abin da ya faru. Ƙasa da baƙar nan kaɗan, wani yumɓu ne fari-fari mai toka-toka, mai danƙo, ruwa kwance a kansa. Ramin da muka haƙa kafin mu juya ya cika. Saiwoyin da suka nutsa ciki duk sun ruɓe, suna wari. Tana ƙarama saiwarta na sama, tana cin daɗi. Da ta girma ta nemi ƙasa, sai ta tarar da ruwan da ba ya tafiya, ya shaƙe ta. Alayyafo ya yi shekaru yana yi min kyau a wannan wurin, domin shi bai taɓa leƙa can ba.

Babanku bai ce min "na faɗa miki" ba, Allah ya saka masa. Diga ya ɗauka ya ce mu je sama. Muka haƙa rami a can tudu kusa da katanga, har ya kai masa ƙirji. Jar ƙasa ce tun daga sama har ƙasa, mai warwarewa a hannu, ba dutse, ba yumɓu. Muka bar ramin a buɗe aka yi ruwa a kansa, da muka dawo ya tsotse tas. Jar ƙasar nan da na yi shekaru ina zagi, ita ce mai riƙe itace. A nan muka dasa atanga, itacen ƙasar nan mai 'ya'yan da ake gasawa a ci, da lemun tsami da zogalen da kake gani yanzu, muka cika bakin ramin da baƙar ƙasa da taki. In rani ya yi, daga Yuni zuwa Satumba, alayyafo sai na bi shi da bokiti, amma su ko a jikinsu, saboda saiwarsu na can ciki inda danshi yake ɓuya.

Ka taɓa tambayata, kana shekarar farko a makarantar noma, wai tsakanin ƙasar sama da ta ƙasa wacce ta fi. Na ce maka ina aiki. Ga amsata yanzu. In ganye za ka shuka, ko masara, ko gyaɗa, ko duk abin da za ka girbe cikin 'yan watanni, to ta sama ita ce kusan komai, a cikinta abinci yake. In itace ne, ko ayaba da za ta daɗe, ko duk abin da kake so 'ya'yanka su ci, to ta ƙasa ce za ta yanke hukunci, ita ke riƙe saiwa, ita ke ajiye ruwa, ita ke sallamar wanda ya yi yawa. Ta sama tana da saurin ɓacewa, amma mai haƙuri yana iya gina ta da ganye da taki. Ta ƙasa ba ta gudu, amma kuma ba ka isa ka sauya ta ba, sai dai ka san ta tun wuri ka ba ta abin da za ta iya ɗauka. Saboda haka kafin ka sa ko ƙwayar iri ɗaya, ka bi filin nan ka haƙa ramuka, a tudu, a tsakiya, a kwari. Ka shiga ciki ka duba da idonka. Inda ka ci karo da marmara ko tsakuwa a kusa, kada ka sa itace. Inda ruwa ya kwana, ka ba gwaza. Inda ja ta yi zurfi tana warwarewa, nan ne wurin itatuwanka.

Sauran 'yan abubuwa kaɗan. Tsofaffin matan ƙauyen da za ka zauna sun san kowane kwari da kowane tudu na wurin. Ka gaishe su da girmamawa, ka tambaye su inda ruwa ke kwanciya da abin da aka taɓa shukawa a filin. Ka haɗa da abin da ka karanta, kowanne zai cike wa ɗan'uwansa. Ni da na tambayi Odette tun ranar farko, da na huta da rabin abin da na lissafa maka. Ka je ka yi mata sallama kafin ka tafi, ƙafarta ba ta barinta fita yanzu, kuma kullum sai ta tambaye ka. Ka riƙe salla a kan lokaci ko kana tsakiyar gona. Ka kula da abin da za ka ci, in ba ka san yankan ba kifi ya ishe ka. Kada ka kwana ba gidan sauro, kada ka shiga ciyawa da silifa. Na ƙulle maka irin rama da lalo da kuɓewa da tattasai, duk daga bayan gidan nan, suna cikin gwangwanin madara a ƙasan jakarka.

Ni dai raina a kwance yake. Mutane na ce min yaya zan bar auta ya shiga daji alhali ga butik, ni kuwa ina ce musu abin da yake so ke nan, kuma sana'ar kakansa ce. Na ci daga bayan gidan nan, na ciyar da ku, na yi kyauta, na yi ƙawa ta gaskiya a dalilinsa. Ban da abin da zan ce wa Allah sai godiya.

Akwai magana ɗaya da aka ce kada in faɗa maka, amma zan faɗa don ka san yadda za ka yi. Jiya babanku ya je Glass ya dawo da sabuwar diga da shebur da takalman ruwa ƙafa biyu. Na ɗaga ɗaya na ga ya yi maka girma. Na ce, "Alhaji, wannan fa?" Ya ɗan yi tari ya ce, "Nawa ne. Rufe butik zan yi in raka shi. Ramin farko da ni za a haƙa." Tunda na zo garin nan ban taɓa ganin ya rufe butik ba sai ranar Salla ko ranar jana'iza. Don Allah in ya faɗa maka ka nuna ba ka sani ba, kuma kada ka ce masa ya zauna. Ka san bayansa na damunsa, ba zai kuma taɓa faɗa ba. Ka bar shi ya yi bisimilla ya kai saran farko, ya ƙara na biyu in ya so. Sannan ka matsa ka ce, "Baba, kawo in taya ka," ka karɓi digar.

Allah ya yi maka albarka, Nasiru. Allah ya sa ka shiga a sa'a, ya ba ka maƙwabta na gari, ya ba ka ruwa mai amfani, ya tsare maka lafiyarka da imaninka. Ya kai ku lafiya kai da babanku, ya dawo min da shi lafiya, kai kuma ya sa duk lokacin da ka waiwayo gida ka same mu cikin alheri. Na yafe maka duniya da lahira. Amin summa amin.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Binta